Babi na Shida: Kifin da ke Bayan Jika Biyu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ko Birnin Ƙonni ya riƙe hoton kifin nan a hannunsa, ko da bai kula ba. Ɗauki takardar jika biyu ta sefa, shuɗiyar nan, ka juya bayanta. Ta jika ɗaya raƙuma ne a bayanta, ta jika goma tsuntsaye. Ta jika biyu kuwa kifaye biyu ne masu ƙaton kai da faɗin baki, leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama. Mutumin Yawuri ko Argungu zai ce giwan ruwa ne, don akwai kama a ƙirar jiki. Amma wannan bai taɓa shan ruwan Kwara ba. Kifin teku ne, kuma babban bankin da ya buga takardun nan a 2003, wanda hedikwatarsa ke Dakar, ya san dalilin da ya sa ya zaɓe shi.

A Sanagal sunansa cof. Faransawa suna ce masa meru, masana kuma Epinephelus aeneus. Alhazan da suka taɓa leƙa kasuwar kifi a Jidda sun ga ɗan'uwansa, wanda Larabawa ke kira hamur. Cof yana zaune a gabashin Tekun Atalantika, tun daga kudancin Sifaniya har Angola, akwai shi kuma a Bahar Rum. Mazauninsa ƙasan teku, daga zurfin mita 20 zuwa 200, inda duwatsu suke ko inda dutse ya haɗu da yashi da taɓo. Wanda ya rayu ya tsufa yakan wuce mita ɗaya a tsawo, ya kai kilo 25.

Ba kifin tsere ba ne. Ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe a bakin kogo, launinsa ya saje da dutse, sai ƙaramin kifi ko kaguwa ta gifta, ya wangale baki lokaci guda, ruwa ya kwarara ciki da abin da ke cikinsa. Kafin ƙiftawar ido an gama. Wannan zaman wuri ɗaya shi ya ba shi tsoka fara mai kauri, wadda ba ta dagargajewa a tukunya, ga ƙarancin ƙaya. Shi ya sa matan Saint-Louis da Dakar suka ɗauke shi sarkin kifin cebu jen, dafa-dukar shinkafa da kifi da ake ci da rana a kusan kowane gida. Akan yanka shi gunduwa-gunduwa, a huda tsokar da yatsa, a cusa mata dakakken ganye da tafarnuwa da barkono, a dafa cikin romon tumatir tare da rogo da kabeji da karas da gauta. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan girki cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Darajar kifin ta kai har ta shiga bakin 'yan mata: a Dakar idan aka ce saurayi cof ne, ana nufin kyakkyawa ne, wanda kowa ke so.

To amma kafin ya kai tukunya sai an ciro shi daga inda ido ba ya kai wa, kuma nan ne sana'ar take.

Masuncin kogi yana karanta ruwa da ido. Ya san gurbi, ya san inda ciyawa ta yi duhu, ya san inda ruwa ke juyawa. A teku, da zarar ka yi nisa da gaɓa, ko'ina iri ɗaya ne. Ƙasan kuma galibinsa fili ne na yashi, fetal, babu abin da ke tara kifi. Duwatsun da cof ke zama jefi-jefi suke, wani bai fi faɗin tsakar gida ba. Ka kuskure shi da taku hamsin, sai ka wuni kana jiƙa ƙugiya a banza. Saboda haka ilimin wannan su, kafin komai, ilimin wuri ne, irin na madugun ayarin gishiri da ya san rijiyoyin hanyar Bilma. Lebu, masuntan asali na Dakar da ke zaune a Yoff da Ngor da Ouakam da Soumbédioune, sun raɗa wa duwatsun ƙarƙashin ruwa sunaye kamar unguwanni. Yadda suke komawa kansu kuwa da alamun tudu ne. Mai jirgi zai yi ta tafiya yana waiwaye, har sai ya ga hasumiyar fitilar Mamelles, wadda aka gina a 1864 a kan tsauni, ta daidaita da wata alama a gabanta. Wannan layi ɗaya ke nan. Sai ya juya ya nemi wasu alamu biyu a wani ɓangaren, wata kuka da kan wani gini, su ma su hau kan juna. Inda layukan biyu suka gamu, nan dutsen yake. Idan hazo ya rufe tudu, ranar sai haƙuri.

Irin wannan sani ba a shelarsa. Uba ne ke nuna wa ɗa, shi ma sai ya ga hankalinsa ya kai. Dutse mai albarka gado ne kamar gona.

Ana fita tun kafin asuba. Kwalekwalen katako ne dogo, mai tsini gaba da baya, an yi masa ado da fenti kala-kala, an rubuta sunan uwa ko na shehin ɗariƙa a gefensa. Mutum uku zuwa biyar ke shiga ƙaramin na 'yan fatsa. Ana gangara shi kan yashi a bisa gungume, a tsaya a bakin ruwa ana ƙirga raƙuman ruwa, don wurin da suke karyewa shi ne mafi haɗari a duk tafiyar. Da an sami sarari sai a tura da ƙarfi, a ɗare ciki, a ta da inji. Kayan aikin ba su da yawa: tsarkiyar roba mai kauri a naɗe jikin katako, dalma mai nauyi a ƙarshenta, ƙugiya biyu ko uku a sama da dalmar. Abin da ake soka wa ƙugiya yaboi ne, ƙaramin kifin nan mai yawan ƙaya da ke yawo garke-garke, wanda shi ne kifin talaka a ƙasar. Babu sanda. Da hannu ake yi.

Idan an iso, ba a jefa anga a kan dutsen kai tsaye. Mai jirgi yakan duba inda iska da igiyar ruwa ke ja, ya wuce gaba kaɗan, ya saki anga, ya bar jirgin ya zame baya har ya tsaya daidai saman wurin. Sai kowa ya saki tsarkiyarsa. Tana zarewa daga katakon, gaba goma, gaba ashirin, gaba talatin, har ka ji ta yi sako-sako: dalma ta taɓa ƙasa. Sai ka ɗan ɗago ta kamu biyu ko uku don kada ta maƙale, ka ɗora tsarkiyar a kan ɗan yatsa manuni, wanda aka naɗe da guntun robar tayar keke saboda kada ta yanka shi. Daga nan yatsan ne idonka. Da shi ake bambance dutse da yashi, ta yadda dalma ke bugawa. Da shi ake gane ƙananan kifaye masu tsattsagar nama, tsit-tsit, waɗanda ba a kula su. Jirgi yana hawa yana sauka, hannu yana bin sa don dalmar ta zauna a inda take. Ana iya yin sa'a guda a haka ba wanda ya ce uffan.

Cof ba ya tsattsaga. Nauyi ne kawai zai sauko wa hannu lokaci guda, kamar an rataya maka buhu. Abin da zai faru a 'yan daƙiƙun da ke biye shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Kifin da ya ji ƙugiya ba ya gudu zuwa fili. Raminsa yake nufa, wanda bai fi 'yan taku ba. In ya shiga, sai ya buɗe murafan kunnuwansa ya tokare bangon kogon, ya miƙe ƙayoyin bayansa. Daga nan ko mutum uku suka taru ba su fitar da shi, sai dai tsarkiya ta goge da kaifin dutse ta tsinke. Don haka ba a ba shi ko kamu ɗaya. Masunci zai miƙe, ya kafa ƙafa a haƙarƙarin jirgi, ya yi ta ja hannu bayan hannu, tsarkiya tana taruwa a gindin ƙafarsa, robar yatsa tana zafi. Mita biyar na farko su ne yaƙin. In an raba shi da dutse, an ci rabin nasara.

Sauran rabin kuma ruwa ne ke yi wa masunci, kuma abin tausayi ne ga wanda ya gani. A cikin kifin akwai jakar iska da ke daidaita masa tsayuwa a ruwa. Kowace mita goma ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu, saboda haka a zurfin mita 50 matsin ya ninka na sama sau shida. Idan aka jawo kifi da sauri, iskar da ke jakar sai ta kumbura. Tun daga tsakiyar hanya ja-in-ja ta ƙare, nauyi ya ragu, kifin yana tasowa da kansa. Yakan fito a kife, ciki ya yi tim, idanu sun firfito, tumbi ya leƙo ta baki kamar jan harshe. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A kogi kana iya cire ƙaramin kifi daga ƙugiya ka mayar, ya tafi abinsa. Wanda aka ciro daga zurfi irin wannan, ko ka sake shi yawanci ba ya iya nutsewa, sai ya yi ta yawo a sama har tsuntsaye su same shi. A sun ƙasan teku, zaɓi yana ga girman ƙugiya da wurin da ka tsaya, ba bayan kifi ya hau jirgi ba.

Akwai wani al'amari na halittar cof wanda, a ganina, duk wanda zai yi magana a kan makomarsa ya kamata ya fara da shi. Galibinsu mata ake ƙyanƙyashe su. Macen takan yi shekara biyar ko fiye kafin ta fara ƙwai, lokacin tana kusan rabin mita. Sai ta yi shekaru tana zuba ƙwai, sannan, wajen shekara goma ko sama, idan ta yi girma sosai, jikinta ya juya ta zama namiji. Ikon Allah ke nan. Ma'anarsa ita ce manyan da ke kan dutse, waɗanda suka fi ƙarfin hali wajen cafke ƙugiya, waɗanda dillali ya fi so, su ne mazan garken, tare da manyan matan da suka fi kowa yawan ƙwai. Masunci bai yi laifi ba da ya yi murnar babban kamu. Amma kowane babba da ya hau jirgi shekara goma ce ta hau, kuma ba a maye gurbinsa a damina ɗaya.

Shekaru aru-aru wannan bai zama matsala ba, saboda wahala tana kare kifin. Da filafili da tanti ake tafiya, ba a nisa. Babu ƙanƙara, dole a dawo kafin kifi ya lalace. Duwatsu kuma sirri ne na gidaje. Waɗannan katangu uku ɗaya bayan ɗaya suka faɗi. Injin da ake ɗaurawa a bayan kwalekwale ya fara shigowa a shekarun 1950, kafin ƙarshen shekarun 1970 ya game gaɓar. Sannan aka fara ƙera manyan kwalekwale masu akwatin ƙanƙara, waɗanda ke kwana da kwanaki a teku. Daga baya na'urar jifiyes ta zo, ga ta kamar wayar hannu, tare da na'urar da ke nuna ƙasan ruwa a allo. Dutsen da kaka ya ɓoye shekara arba'in ya koma lambobi. Yaro ya wuce kusa da jirginka, ya danna maɓalli, gobe kafin ka iso yana kai, ko da hazo ko cikin dare.

Abin da ya hura wutar kuwa kuɗi ne. Mutanen Nijar ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 maimakon 50. A gaɓar Sanagal abin ya zo da wata fuska: duk kifin da za a iya sayarwa Turai kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. Masana'antun fitar da kifi suka yawaita, dillalansu suna jira a bakin ruwa da sikeli da akwatunan ƙanƙara, cof ɗin da aka kama da safe yana iya kwana a jirgin sama zuwa Faransa ko Italiya ko Sifaniya. Manoman gyaɗa da fari ya kora daga karkara suka gangaro teku. Kowa ya nufi dutse.

A bakin masunta, laifin na manyan jiragen ƙasashen waje ne, masu jan taru a ƙasan teku suna kwashe babba da yaro, suna shiga yankin ƙananan jirage da dare, wasu ma da tutar Sanagal alhali masu su na waje ne. Wannan koke gaskiya ne, kuma shi ya sa batun ya zama na siyasa: a 2024 sabuwar gwamnati ta wallafa sunayen jiragen da ke da lasisi, a Nuwambar shekarar kuma yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba. Sai dai game da cof musamman, akwai wata gaskiyar mai ɗaci. A 2012 masu bincike na cibiyar nazarin teku ta Dakar-Thiaroye, tare da abokan aikinsu na Faransa, sun fitar da nazari da ya danganta durƙushewar cof da yawaitar kwalekwale da kuma tsadar da kasuwar waje ta jawo. Taru ba ya son dutse, yagewa yake. Ƙugiya ce ke isa bakin kogo. Kuma tsada ta hana abin da aka saba gani, wato idan kifi ya yi ƙaranci masunta su bar shi ya huta. Nan kuwa yana raguwa kuɗinsa yana hawa, ko uku ka kamo ka mayar da kuɗin mai. Ban faɗi wannan don in wanke manyan jirage ba. Na faɗa ne don wanda ya ɗora duka laifin a kan baƙo ba zai ga abin da ke hannunsa na gyara ba.

Yau masu neman cof na gaske sukan loda ƙanƙara da mai da shinkafa da gawayi, su yi kwana goma ko fiye a ruwan Gine Bisau da Gini ko Muritaniya, mutum goma sha wani abu a buɗaɗɗen kwalekwale, ga haɗarin kamu a hannun masu gadin ruwan ƙasashen. Uwargida a Dakar ta koma yin cebu jen da yaboi, takardar jika biyu kuma ba ta sayen kilo ɗaya na kifin da ke bayanta. Waɗannan manyan kwalekwale da jifiyes ɗinsu ne kuma suka zama jiragen hijira. A 2006 mutum fiye da 30,000 suka isa tsibiran Kanari na Sifaniya daga gaɓar Afirka ta Yamma, da yawansu masunta, da taken da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa rabinsa: ko Barsalona ko barzahu.

Garin da na fi so mai karatu ya riƙe sunansa shi ne Kayar, kimanin kilomita 60 arewa da Dakar. Allah ya yi masa baiwa da wani kwazazzabo mai zurfi a ƙarƙashin teku wanda ya faro tun daga kusa da gaɓa, saboda haka ɗan fatsa ba ya buƙatar nisa kafin ya sami zurfi da dutse. Daga wajen Disamba zuwa Mayu, lokacin da muke cikin hunturu da bazara, iskar arewa tana kore ruwan da ke saman teku nesa da gaɓa, ruwan sanyi mai ɗauke da abinci ya taso daga ƙasa, yaboi ya yawaita, cof ya gangaro daga ruwan Muritaniya. A wannan kaka ne masuntan Guet Ndar na Saint-Louis ke sauka Kayar da iyalansu. Su kuma masu kafa kalli ne, su shimfiɗa shi a kan dutse su bar shi ya kwana. Mutanen Kayar sun ƙi wannan tun da can. Hujjarsu ita ce kalli yana sarƙe fatsa, kuma wanda ya maƙale ya tsinke yana nan a ƙasa yana kashe kifi wata da watanni, kifin yana ruɓewa, sauran su ƙaurace wa dutsen. Rigimar ta kai ga zub da jini a 1985, ta sake ɓarkewa a 2005. Ba abin alfahari ba ne, dukansu Musulmi ne masu neman abinci. Amma a ƙarshe an keɓe duwatsun Kayar ga 'yan fatsa.

Abin da suka yi a 1994 ya fi wannan ban sha'awa. Da aka karya sefa, dillalai suna sayarwa waje da sabon farashi, suna saye a bakin ruwa da tsoho. Masuntan Kayar suka ajiye aiki na 'yan kwanaki, sannan suka kafa kwamiti, suka yanke wa kansu doka: kowane kwalekwalen fatsa kada ya sauke fiye da akwati uku a rana na kifin da ake fitarwa waje. Wanda ya ƙetare, tara. Ba don tausayin kifi suka fara ba, don farashi ne, kuma ni ban ga aibi a nan ba. Sun gano da kansu cewa akwati uku da daraja ya fi goma a wulaƙance, kuma abin da bai hau jirgi ba yana nan a dutse har gobe. Ba jami'in gwamnati ne ke ƙirga akwatunan ba. Maƙwabcinka ne, wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya san injinka da 'ya'yanka. A 2004 gwamnati ta ayyana ruwan Kayar cikin yankunan teku biyar da aka ba kariya, tare da Saint-Louis da Joal-Fadiouth da Abéné da Bamboung.

Dokar Kayar tana da iyaka, iyakarta kuwa ruwan Kayar. Wajen watan Yuni iska takan juya, ruwan ɗumi ya shigo daga kudu, baƙin Guet Ndar su ɗaure kayansu su koma gida, wasu mutanen garin su juya ga gonakin kayan lambu da ke bayan tudun yashi. Cof ɗin da aka bari a kan dutse, har da matan da suka kusa juyawa maza, su ma sai su kama hanyar arewa, su bi gaɓa ta gaban Saint-Louis su shiga ruwan Muritaniya, inda wasu ƙugiyoyin da wasu tarunan ke jiransu.